Rikicin Kansas, 1854 zuwa 1861: Yadda Taƙaddamar Bauta Ta Kai Amurkawa ga Yaƙar Juna

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke ne a watan Afrilun 1861, amma tun shekaru biyar kafin nan Amurkawa suka fara kashe juna a kan batun bauta a wani yanki na tsakiyar ƙasar da ake kira Kansas. Rayukan da suka salwanta a can ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da mutum fiye da 600,000 da babban yaƙin ya ci daga baya, domin binciken da aka yi a takardun zamanin ya nuna cewa kisan da siyasa ta haddasa kai tsaye ya tsaya ne a kan mutum kusan 56. Duk da haka a Kansas ne aka gwada kowace hanya da Amurkawa suka saba bi wajen sasanta saɓaninsu, tun daga akwatin zaɓe da majalisar dokoki har zuwa kotu da jam'iyyun da ke haɗa ɗan Arewa da ɗan Kudu a inuwa guda, kuma babu wadda ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata. Wannan ne ya sa ya cancanci a bi lamarin daki-daki.

Tushen maganar dukiya ce da iko. Tun da Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a 1793 noman auduga ya mamaye jihohin Kudu, har ta kai ga auduga ita kaɗai ta fi rabin darajar duk kayan da Amurka ke fitarwa waje, kuma baƙar fatar da aka bautar ne ke noma ta, su tsince ta, su ɗaure ta. Ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4 a ƙasar. Jihohin Arewa kuwa sun daina bauta ɗaya bayan ɗaya, jama'arsu na ƙaruwa da baƙin da ke kwarara daga Turai, don haka rinjaye a Majalisar Wakilai, inda yawan mutane ke ba da kujeru, ya koma hannunsu. Abin da ya rage wa Kudu shi ne Majalisar Dattawa, inda kowace jiha ke da sanata biyu komai ƙanƙantarta. Saboda haka duk lokacin da aka zo shigar da sabuwar jiha cikin tarayya, tambayar farko ita ce: ta bayi ce ko ta 'yanci?

A 1820 aka yi sulhun da ya riƙe ƙasar fiye da shekaru talatin. An amince Missouri ta shiga a matsayin jihar bauta, Maine kuma a matsayin jihar 'yanci, sannan aka shata layi a kan 36°30′, aka ce a sauran ƙasar da Amurka ta saya daga Faransa a 1803 ba za a yi bauta a arewacin wannan layi ba har abada. Yaƙin da aka yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya kawo sababbin filaye da sabuwar gardama, aka sake yin wani sulhu a 1850, wanda ya shigar da Kalifoniya a matsayin jihar 'yanci, ya kuma ba Kudu wata doka mai tsauri da ta tilasta wa mutanen Arewa taimakawa wajen kama bayin da suka gudu. Layin 1820 dai bai motsa ba, kuma Kansas na arewa da shi.

Mutumin da ya taɓa layin shi ne Stephen Douglas, sanatan Illinois na jam'iyyar Dimokurat, wanda ke shugabantar kwamitin yankuna, wato filayen da ba su riga sun zama jihohi ba, a Majalisar Dattawa. Bauta ba ta cikin abubuwan da suka dame shi, yarda ko ƙi. Burinsa shi ne a kafa hukuma a filayen da ke yamma da Missouri da Iowa domin a shimfiɗa layin dogo daga Chicago zuwa gaɓar tekun Pasifik. Sanatocin Kudu, musamman David Atchison na Missouri, suka nuna masa cewa ba zai sami ƙuri'unsu ba muddin haramcin 1820 na nan. Douglas ya biya farashin. Ƙudurin da ya gabatar a watan Janairun 1854 ya raba filin gida biyu, Kansas da Nebraska, ya soke layin 1820, ya ce mazauna kowane yanki su ne za su zaɓa ko suna son bauta ko ba sa so. Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 37 a kan 14, ta Wakilai da ƙyar da 113 a kan 100, Shugaba Franklin Pierce kuma ya sa hannu ranar 30 ga Mayu. Ƙabilun asali da aka taɓa tusowa zuwa wannan fili daga gabas, irin su Shawnee da Delaware da Kickapoo, waɗanda aka yi wa alkawarin cewa sun sami mazauni na dindindin, babu wanda ya tambaye su. An dai sa shugabanninsu hannu a kan sababbin yarjejeniyoyi, aka karɓe mafi yawan ƙasar.

Douglas ya ɗauka cewa ya fitar da rigimar daga Washington ya miƙa wa manoman da abin ya shafa, sai ga shi allura ta tono garma. Mutanen Arewa sun ɗauki layin 1820 a matsayin alkawari, kuma sun ga cewa Kudu ta ci rabonta na cinikin, wato Missouri da Arkansas, sannan da aka zo kan rabon Arewa aka ce cinikin ya tashi. A satin da ake kammala dokar aka kama wani bawa da ya gudu mai suna Anthony Burns a Boston, sojojin tarayya suka raka shi zuwa tashar jirgin ruwa a kan idon dubban mutanen gari domin mayar da shi Virginia. Douglas da kansa ya ce zai iya tafiya daga Boston har Chicago da hasken mutum-mutuminsa da ake ƙonawa a hanya. A zaɓen da ya biyo baya 'yan Dimokurat na Arewa suka rasa kujeru 66 daga cikin 91 da suke da su a Majalisar Wakilai. Jam'iyyar Whig, wadda ke da magoya baya a ɓangarorin biyu, ta wargaje, kuma daga tarukan da aka yi a Ripon ta jihar Wisconsin da Jackson ta jihar Michigan aka haifi jam'iyyar Rifablikan, wadda manufarta ita ce hana bauta shiga kowane sabon yanki. Wani lauya a Illinois da ya ɗan ja baya daga siyasa, Abraham Lincoln, ya dawo fage da jawabin da ya yi a Peoria a watan Oktoban 1854.

Babban aibin dokar shi ne ba ta fayyace wane ne mazauni ba, ba ta kuma faɗi lokacin da za a yanke hukuncin ba. Abin sai ya koma tsere, wanda ya riga kai mutane shi ke da yanki. A Massachusetts, Eli Thayer ya kafa kamfanin taimaka wa masu ƙaura, wanda ya kafa garin Lawrence, ko da yake duk mutanen da kamfanin ya tura ba su wuce 2,000 ba, kuma mafi yawan waɗanda suka shigo Kansas manoma ne daga Ohio da Indiana da Illinois da ita kanta Missouri, masu neman gona kawai. Amma a idon masu bayi na yammacin Missouri kamfanin Thayer mamaya ce. Tsoronsu na da dalili a lissafinsu: Illinois na gabas da su, Iowa na arewa, idan Kansas ma ta zama ƙasar 'yanci to bawa zai sami hanyar gudu ta fuska uku.

Ranar 30 ga Maris 1855 aka yi zaɓen majalisar dokokin yankin. Ƙidayar da gwamna Andrew Reeder ya sa aka yi makonni kaɗan kafin nan ta sami mutum 2,905 da suka cancanci jefa ƙuri'a, amma da aka buɗe akwatuna sai aka tarar da ƙuri'u fiye da 6,000. Dubban mutane ne suka ƙetaro daga Missouri da bindigogi da wuƙaƙe, Atchison da kansa na jagorantar wata tawaga, suka kori malaman zaɓen da suka ƙi ba su haɗin kai, suka jefa ƙuri'a, suka koma gida. Abin mamaki shi ne a wannan lokaci ɓangaren bauta na iya cin zaɓen ko ba maguɗi, domin 'yan asalin Missouri da suka zauna a yankin da gaske suna da yawa. Aringizon ya ba su majalisa, ya kuma raba su da halaccin da suke matuƙar buƙata.

Majalisar da ta fito daga wannan zaɓe ta koma zama a Shawnee Mission, dab da iyakar Missouri, ta kafa dokokin da ko a wasu jihohin Kudu za a ce sun yi tsauri. Wanda ya taimaki bawa ya gudu na iya fuskantar kisa. Wanda ya faɗa ko ya rubuta cewa ba a da haƙƙin mallakar bayi a Kansas, hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekaru biyu da horo mai tsanani. Mai adawa da bauta ba zai zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci a shari'ar da ta shafi waɗannan dokoki ba. Da Reeder ya nuna turjiya, Pierce ya sauke shi. Masu adawa da bauta, waɗanda a ƙarshen shekarar sun riga sun fi yawa, suka ƙi amincewa da majalisar, suka taru a Topeka suka rubuta nasu kundin tsarin mulki, suka zaɓi Charles Robinson gwamna. Yanki ɗaya ya wayi gari da gwamnati biyu, kuma Pierce ya ayyana ta Topeka a matsayin tawaye.

A nan ya kamata a faɗi wani abu da masu son labari mai jarumai da mugaye kan tsallake. Mutanen Topeka da suka haramta bauta sun kuma kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye cewa kada a bar baƙar fata, ko da 'yantacce ne, ya zauna a Kansas. Yawancinsu tausayin bawa bai kai su can ba; abin da suke gudu shi ne gasa da mai gandu wanda ke da ma'aikatan da ba ya biya, wanda zai saye mafi kyawun ƙasa ya kuma riƙe hukuma. Masu fafutukar kawar da bauta saboda zalunci ce 'yan tsiraru ne a cikinsu. Rikicin Kansas ne ya tura waɗannan rukunoni biyu cikin sahu guda, domin ya gamsar da farar fatar Arewa cewa masu bayi ba za su tsaya a kan baƙar fata ba, har ƙuri'arsa da bakinsa da jaridarsa suna iya ƙwacewa.

Makamai suka fara shigowa. Coci-coci da attajiran gabas suka riƙa aiko da bindigogi ƙirar Sharps, waɗanda aka yi wa laƙabi da Baibul ɗin Beecher saboda wani mashahurin mai wa'azi na Brooklyn, Henry Ward Beecher, da ya taimaka wajen tara kuɗin sayensu. Sai kuma mako guda na watan Mayun 1856 ya zo da abubuwa uku a jere. Ranar 21 ga wata, ɗaruruwan magoya bayan bauta ƙarƙashin Samuel Jones, shugaban 'yan sandan gundumar, suka shiga Lawrence da igwa, suka farfasa injunan jaridu biyu, suka ƙone babban otal ɗin garin da gidan Robinson. Washegari, a cikin zauren Majalisar Dattawa a Washington, ɗan majalisar wakilai Preston Brooks na South Carolina ya sami Sanata Charles Sumner na Massachusetts zaune a teburinsa yana rubutu, ya rufe shi da duka da kwagiri a ka har sandar ta karye, Sumner ya faɗi a sume cikin jini. Laifin Sumner shi ne jawabin kwana biyu da ya yi a kan Kansas, wanda a ciki ya ci mutuncin Sanata Andrew Butler, ɗan'uwan Brooks.

Abin da ya biyo bayan dukan ya fi dukan kansa nuna inda ƙasar ta kai. Ƙuri'ar korar Brooks daga majalisa ta tsaya a 121 da 95, ba ta kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Ya yi murabus don kansa, mazaɓarsa ta sake maido shi, kotu ta ci shi tarar dala 300, kuma daga sassan Kudu aka riƙa aiko masa da sababbin sanduna kyauta. Massachusetts ita ma ta sake zaɓen Sumner, ta bar kujerarsa babu kowa fiye da shekaru uku yana jinya. Jaridun ɓangarorin biyu sun ba da labarin abu guda, amma mai karatu a Charleston ya ga an ladabtar da marar kunya, mai karatu a Boston kuma ya ga an nemi kashe sanata saboda magana.

Abu na uku ya faru a daren 24 ga wata. John Brown, wani dattijo mai tsananin riƙo da addini wanda ya yi imani cewa bauta zunubi ce da sai jini zai wanke, ya fita da 'ya'yansa huɗu da surukinsa da wasu mutum biyu zuwa gidajen da ke bakin rafin Pottawatomie. Suka fito da mutum biyar daga ɗakunansu, suka sassare su da takubba. Cikinsu akwai James Doyle da 'ya'yansa biyu, magoya bayan ɓangaren bauta ne amma ba su mallaki bawa ko ɗaya ba, kuma babu wani uzuri da zai mai da wannan aiki wani abu ban da kisan gilla. Daga nan yankin ya faɗa cikin ramuwar gayya har ƙarshen damina, ana ƙone gonaki ana tare hanya, an gwabza a Black Jack da Osawatomie inda aka kashe ɗan Brown mai suna Frederick, sai da sabon gwamna John Geary ya zo a watan Satumba ya yi amfani da sojojin tarayya a kan ɓangarorin biyu kafin ƙura ta lafa. A zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekara James Buchanan na Dimokurat ya yi nasara, amma John Frémont na Rifablikan, jam'iyyar da ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba, ya ci jihohin Arewa 11.

Buchanan ya sa rai kotu za ta kashe wutar. Kwana biyu bayan rantsar da shi, ranar 6 ga Maris 1857, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Roger Taney ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya nemi 'yanci bisa hujjar cewa ubangijinsa ya zauna da shi a ƙasar da aka haramta bauta. Alƙalai bakwai a kan biyu suka ƙi ƙararsa, Taney kuma ya rubuta cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, sannan majalisar tarayya ba ta da ikon hana bauta a kowane yanki. Hukuncin ya mai da manufar Rifablikan abin da ya saɓa wa tsarin mulki, ya kuma rusa hujjar Douglas, domin idan majalisar tarayya ba ta da wannan iko, da wuya a ce majalisar yankin da ita ta ƙirƙira tana da shi. Arewa ba ta karɓi hukuncin a matsayin ƙarshen magana ba. Ta ɗauke shi shaida cewa kotun ma ta shiga hannun masu bayi.

Matakin da ya fi kowanne illa ga haɗin kan ƙasar ya zo ne a ƙarshen 1857, kuma ba a zubar da jini a cikinsa ba. Wakilan ɓangaren bauta, waɗanda aka zaɓa a zaɓen da abokan hamayyarsu suka ƙaurace wa, suka taru a Lecompton suka rubuta kundin da zai shigar da Kansas tarayya. Ba su miƙa kundin gaba ɗaya ga jama'a ba. Zaɓin da suka bayar shi ne kundin tare da bauta ko kundin ba tare da ita ba, kuma ko wanne aka zaɓa bayi kusan 200 da ke yankin za su ci gaba da zama bayi. Gwamna Robert Walker, mutumin Mississippi da Buchanan ya naɗa da kansa, ya ƙi wannan wasa, kamar yadda ya riga ya soke ƙuri'u fiye da 1,600 da aka ce an jefa a wani ƙauye mai suna Oxford wanda gidajensa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da ya ga shugaban ƙasa ya juya masa baya sai ya ajiye aiki. A watan Janairun 1858 sabuwar majalisar yankin ta shirya ƙuri'a a kan kundin kansa, mutum fiye da 10,000 suka ƙi shi. Duk da haka Buchanan ya tura shi majalisar tarayya da saƙon cewa Kansas ta riga ta zama ƙasar bauta kamar Georgia ko South Carolina.

Douglas ya ƙi bin shugaban jam'iyyarsa. Yana fuskantar zaɓe a Illinois a wannan shekara, inda Lincoln ke ƙalubalantarsa, kuma a ganina ya yi imani da gaske cewa abin da aka yi a Lecompton cin amanar ƙa'idarsa ce. Majalisar Dattawa ta amince da kundin, ta Wakilai ta ƙi bayan muhawarar da wani dare ta kai 'yan majalisa ga dambe, aka mai da maganar Kansas, inda a watan Agusta aka yi watsi da kundin da ƙuri'a 11,300 a kan 1,788. Kudu ba ta yafe wa Douglas ba. An tuɓe shi daga shugabancin kwamitin yankuna, kuma 'yan siyasar Kudu suka fara neman abin da ya wuce zaɓin mazauna, wato gwamnatin tarayya ta kafa dokar kare mallakar bayi a kowane yanki ko mazaunansa suna so ko ba sa so.

John Brown ya sake ɓullowa a watan Oktoban 1859, ya kai hari da mutum 21 a kan ma'ajiyar makaman tarayya da ke Harpers Ferry a Virginia da niyyar tayar da boren bayi. Sojoji ƙarƙashin Robert E. Lee suka kama shi, aka rataye shi ranar 2 ga Disamba. Shugabannin Rifablikan sun nesanta kansu daga gare shi, amma ƙararrawar da aka kaɗa a coci-cocin Arewa ranar da aka rataye shi ita Kudu ta ji. Watanni kaɗan bayan haka jam'iyyar Dimokurat ta yi babban taronta a Charleston, magoya bayan Douglas suka ƙi sa dokar kare bauta cikin manufofin jam'iyya, wakilan jihohin Kudu da dama suka fice, aka kaɗa ƙuri'a sau 57 ba a fitar da ɗan takara ba. Jam'iyyar ƙarshe da ke haɗa ɓangarorin biyu ta shiga zaɓen 1860 da 'yan takara biyu, Douglas da John Breckinridge. Lincoln ya yi nasara da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un jama'a da 180 daga cikin wakilan da jihohi ke turawa su zaɓi shugaban ƙasa, alhali a jihohin Kudu goma ba a ma raba takardar ƙuri'a mai sunansa ba.

Lincoln ya sha nanata cewa ba shi da iko ko niyyar taɓa bauta a jihohin da take. Masu mulkin Kudu sun san haka, amma lissafinsu ya nuna musu cewa idan aka rufe yankuna, sababbin jihohi duk za su zama na 'yanci, kuma ranar da za a iya gyara tsarin mulki ba tare da yardarsu ba tana tafe. South Carolina ta ɓalle ranar 20 ga Disamba 1860, kuma sanarwar da Mississippi ta fitar a watan Janairu ta faɗa ƙarara cewa matsayinta a ɗaure yake da bauta. Kansas kuwa ta riga ta rubuta sabon kundi a Wyandotte a 1859 wanda ya haramta bauta, ƙidayar 1860 ma bayi biyu kacal ta samu a yankin, amma sanatocin Kudu suka ci gaba da tare mata ƙofa. Ranar 21 ga Janairu 1861 Jefferson Davis, sanatan Mississippi, da wasu sanatoci huɗu na jihohin da suka ɓalle suka yi bankwana da majalisar, kuma a wannan ranar aka sami rinjayen amincewa da shigar Kansas. Buchanan ya sa hannu ranar 29 ga wata, ta zama jiha ta 34, sannan ranar 12 ga Afrilu igwoyin Kudu suka buɗe wuta a kan sansanin Sumter da ke mashigin ruwan Charleston.